Taɓin Hankali: Daga Turu da Mari Zuwa Ɗakin Likita

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta ratsa Tudun Wadar Zariya ya san irin mutanen da wannan bayani ya shafa. Akan gan su a gefen kasuwa ko kusa da tsohon asibitin koyarwa, wani ya naɗe jikinsa da tsummoki, wani yana ta surutu shi kaɗai, yara kuma na bin su da tsokana. Mukan ce mahaukata ne, mu yi gaba abinmu. To amma waɗanda suka fito titi su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan masu fama da larurar taɓin hankali suna cikin gidajenmu: mai jegon da ta daina barci ta ƙi shayar da jaririnta, saurayin da ya kulle kansa a ɗaki wata uku ba ya zuwa gona, dattijon da ya fara manta hanyar masallacin unguwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana ɗauke da wata larura ta hankali, babba ko ƙarama. Idan haka ne, da wuya a sami zuri'ar da abin bai taɓa ba, sai dai rufin asiri.

Mun shirya wannan bayani ne musamman domin jama'ar karkara, da iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, da kansiloli da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi. Dalili kuwa shi ne, idan irin wannan larura ta auku a gida, ba likita ake fara sanarwa ba. Mai unguwa ake tasa cikin dare, ko liman, ko ma'aikacin ɗakin shan magani. Shawarar da suka bayar a wannan dare ita kan yanke ko mara lafiyar zai sami sauƙi cikin 'yan makonni, ko kuwa zai shekara goma a ɗaure.

Yaya ake gane hali ya kauce?

A jami'o'i akwai fannin da ake kira ilimin halayyar ɗan Adam, wanda wani reshensa ya keɓanta ga nazarin tunani da ɗabi'un da suka kauce wa daidai: mene ne su, me ke kawo su, kuma yaya ake gyara su. Tambayar farko da masana wannan reshe suka daɗe suna fama da ita tana da sauƙin faɗi amma wuyar amsa. Wane ma'auni za a ɗora mutum a kai kafin a ce ba shi da lafiya?

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne saɓa wa al'ada. Sai dai wannan ma'auni shi kaɗai yana yaudara. Uwa a ƙasar Hausa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, takan ma nuna kamar ba ta damu da shi ba a gaban mutane. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa zai iya ɗauka ba ta da lafiya, alhali kunya ce, kuma a wurinmu abin yabo ne. Saurayin Bafulatani da ke tsaye a filin sharo ana tsula masa bulala yana murmushi ba mahaukaci ba ne, haka nan wanda ke tafiya yana motsa baki da tasbaha a hannu. Saboda haka masana suka ƙara wasu tambayoyin. Shin mutumin yana shan wahala da halin da yake ciki? Shin halin ya hana shi abin da ya saba yi, kamar noma, kasuwa, girki, salla a kan lokaci, wanka da zama da iyali? Akwai haɗari gare shi ko ga wani? Kuma tun yaushe abin ya fara? A ganinmu, tambayar kasa yin ayyukan yau da kullum da ta tsawon lokaci su suka fi amfani ga mai unguwa, domin amsarsu tana bakin iyali da maƙwabta. Matar da mijinta ya rasu, ta yi ta kuka cikin kwanakin takaba, baƙin ciki ne da kowa ya san dalilinsa. Amma idan an shekara ba ta cin abinci sai an matsa mata, ta rame, tana cewa gara ta mutu, to abin ya wuce baƙin ciki ya zama ciwo, kuma ciwon yana da magani.

Abin da muka gada

Ba za a ce kakanninmu ba su lura da waɗannan abubuwa ba, harshenmu kansa shaida ne. Mun bambanta mahaukaci tuburan da wanda aka ce yana da taɓuwa, mun bambanta zautacce da wanda aka haifa da ƙarancin wayo, muna da waswasi da firgita da gigin tsufa. Inda hankali ya fi karkata shi ne wajen neman dalili, kuma tambayar da aka fi yi ita ce: wa ya yi masa, ko me ya shige shi? Amsar takan kasance iska, ko sammu, ko maita, ko kambun baka. Wanda ya bar gida ya shiga duniya ba gaira ba dalili akan ce kurciya aka yi masa. Kowane dalili kuma da mai maganinsa. 'Yan bori sukan yi wa mara lafiya girka, wato a killace shi kwanaki ana kiɗa da hayaƙi har a gane wane iska ne ya hau shi, Sarkin Rafi ne ko Ɗan Galadima ko Inna, a daidaita tsakaninsu. Bokaye na da saiwoyi da turare, malamai kuma suna ba da rubutu da tofi da addu'a. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda bori da malanta suke zaune tare a ƙauyukan ƙasar Zazzau a farkon ƙarni na 20.

Akwai alheri a cikin wannan gado, kuma bai kamata a musa shi ba. Wanda aka ce iska ce ta taɓa shi ba a ɗora masa laifi, yana nan cikin danginsa ana ci da shi. Shari'ar Musulunci ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin ibada da hukunci, ta kuma wajabta a naɗa mai kula da dukiyarsa don kada a cinye ta. Neman magani kuwa abu ne da malamanmu suka ƙarfafa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai da dama a kan ilimin magunguna.

Amma akwai ɓangaren da dole mu faɗa ko da ba daɗi. Daga wannan fahimta ne aka sami dukan mara lafiya da sunan ana dukan aljanin da ke jikinsa. Daga nan aka sami turu, wato gungumen icen da ake zura ƙafar mutum a ciki, da mari da sarƙa. Tsofaffi mata nawa aka wulaƙanta da sunan maita saboda wani yaro mai zazzaɓi ya ambaci sunansu cikin magagi? Sa'an nan ga maganar da ke yawo a bakunanmu, cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, maganar da ta sa iyalai da yawa suka yanke ƙauna tun kafin su gwada asibiti.

Yadda sauran duniya ta bi da lamarin

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai muka bi wannan hanya. Kusan kowace al'umma ta fara ne da danganta hauka ga iskoki. Fiye da shekara 2,400 da suka wuce, wani likitan Girkawa mai suna Hifokiratis da almajiransa suka ce farfaɗiya, wadda mutanensu ke ɗauka taɓuwar alloli ce, daga ƙwaƙwalwa take tasowa kamar yadda kowane ciwo ke tasowa daga wata gaɓa. Likitocin Musulmi suka ɗauki wannan ilimi suka faɗaɗa shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, wanda ake magancewa da nasiha da gyara tunani, da kuma wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da magani. Wannan rabe-rabe bai yi nisa da abin da likitocin yau ke aiki da shi ba. A asibitocin Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira akan keɓe sashe domin masu taɓin hankali, kamar yadda aka yi a babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Mun kawo wannan ne domin masu cewa kai mai taɓin hankali asibiti baƙuwar al'adar Turawa ce.

Su Turawan ma sun daɗe cikin duhu. A gidan mahaukata na Bethlem da ke Landan, har zuwa 1770 mutane kan biya kuɗi su shiga kallon waɗanda aka ɗaure, kamar yadda ake kallon namun daji. Canji ya fara ne a Faransa, lokacin da aka tura likita Philippe Pinel asibitin Bicêtre na birnin Paris a 1793. A can ya tarar da wani mai kula da marasa lafiya, Jean-Baptiste Pussin, wanda ba likita ba ne, amma ya hana duka, daga baya kuma a 1797 ya kwance sarƙoƙin. Abin da aka gani ya ba kowa mamaki. Da yawa daga cikin waɗanda ake tsoro saboda faɗa sai suka natsu, aka gane cewa rabin faɗan nasu ɗaurin ne ke haddasa shi. Wannan darasi ne da har yau muke buƙatarsa: mutum mai cikakkiyar lafiya ma, in aka ɗaure shi wata shida a ɗaki mai duhu, ba zai fito da hankalinsa daidai ba.

Zamanin Turawa da ƙauyen Aro

Abin takaici, da Turawan mulkin mallaka suka zo ƙasar nan, ba darasin Pinel suka kawo mana ba. Gidajen da suka buɗe a Kalaba a 1904 da Yaba ta Legas a 1907 wuraren tsarewa ne kawai, kuma dokar mahaukata ta 1916 ta ba alƙalai da likitocin gwamnati ikon kulle wanda aka ɗauka haɗari ne ga jama'a. A nan Arewa, da yawa a wani sashe na gidan yari ake ajiye su, ƙarƙashin kulawar gandirobobi. Tambayar da hukuma ke yi a lokacin ita ce yadda za a kawar da mutumin daga idon jama'a. An yi wa dokar kwaskwarima a 1958, kuma da ita ƙasar nan ta ci gaba da aiki fiye da shekara 60.

Wanda ya sauya akalar al'amarin ɗan ƙasa ne, Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya dawo daga karatu a Landan ya kama aiki a Aro kusa da Abeokuta a 1954. Maimakon ya tara marasa lafiya a bayan katanga, sai ya je ya zauna da shugabannin ƙauyukan da ke kewaye, aka yarda a sauke marasa lafiya a gidajen mutanen gari ana biyan haya. Sharaɗinsa shi ne kowane mara lafiya ya zo da ɗan uwa, uwa ko 'yar uwa ko kawu, wanda zai yi masa girki da wanki ya raka shi asibiti da safe. Da rana a sha magani a ga likita, da yamma a koma cikin mutane, a je kasuwa, a je wurin ibada. Ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, abin da ya jawo masa suka daga wasu abokan aikinsa. Marasa lafiya suka riƙa samun sauƙi ba tare da sun yanke da danginsu ba, tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin lura ga iyayenmu dagatai shi ne, da shugabannin ƙauye sun ƙi, da wannan tsari bai tsaya da ƙafarsa ba.

A ɓangarenmu, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, asibitin koyarwarta kuma ya fara a 1967. Shekaru masu yawa babban reshensa na Zariya yana nan Tudun Wada, kafin a koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, inda akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. A Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa.

Abin da likitoci suka gano

Babban abin da bincike na shekara 150 da suka wuce ya yi shi ne farfasa kalmar hauka. An gane cewa ba ciwo ɗaya ba ne, cututtuka ne daban-daban, kowanne da dalilinsa da maganinsa.

Wasu daga cikinsu ciwon jiki ne tsantsa da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ƙasar Zazzau ta ga misalin haka da idonta. A shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi yankin Anchau har sai da aka tashi ƙauyuka aka share kurmin bakin rafuka, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Idan wannan ciwo ya kai ƙwaƙwalwa, halin mutum kan sauya, ya yi ta faɗa ko sambatu kafin barcin ya kayar da shi. Wanda bai sani ba zai rantse iska ce, alhali ƙwayar cuta ce daga cizon ƙuda. Haka tunjere ya cika gidajen mahaukata na Turai, har aka gano ƙwayarsa a cikin ƙwaƙwalwar marasa lafiya a 1913, allurar fenisilin kuma ta zo ta kusan kawar da irin wannan haukan. A yau ma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da taifot, da sanƙarau suna sa mutum ruɗewa da fizge-fizge. Saboda haka duk wanda ya ruɗe farat ɗaya, jikinsa da zafi ko wuyansa ya sanƙare, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'a, domin jinkirin kwana ɗaya na iya zama ajalinsa. Farfaɗiya ita ma ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki, kuma kimanin 7 cikin 10 na masu ita za su daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata.

Akwai kuma wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, wanda ya fi kama matasa, kuma yana samun kimanin mutum 1 cikin 300. Mai shi kan ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya yi imani ana binsa ko an sa masa guba a tuwo, ya janye daga mutane. Wani ciwon kuma hawa da sauka yake yi: makonni mutum ba ya barci, yana ta surutu da rabon dukiyarsa, sai kuma ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani. Cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami mace 1 ko 2 da hankalinta ke gushewa a makonnin farko na jego. Wannan na gaggawa ne saboda ranta da na jaririn, amma yana daga cikin waɗanda suka fi jin magani. Ga kuma waɗanda suka tsira daga harin 'yan bindiga ko hannun masu garkuwa a yankunan Giwa da Birnin Gwari, waɗanda ƙarar babur kaɗai kan sa su firgita, barci ya gagare su watanni. Waɗannan sun fi buƙatar mai sauraronsu da ƙwararren mai ba da shawara fiye da ƙwaya.

Maganin farko da ya iya kwantar da muryoyi da ruɗani, wato kulofuromazin, an fara amfani da shi ne a Paris a 1952, wasu kuma suka biyo baya. Ba za mu ɓoye ba, likitocin zamani su ma sun yi nasu kurakuran. Daga 1935 zuwa shekarun 1950 an yi wa dubban mutane a Turai da Amurka tiyatar yanke wani sashe na ƙwaƙwalwa, wadda ta nakasa da yawa kafin a daina ta. Matsayar da masana suka tsaya a kai yanzu ita ce, abubuwa uku ne ke haɗuwa: abin da ke jiki, har da gado, abin da ke zuciya, kamar rashi da tsoro, da kuma halin zama, kamar talauci, rashin aiki da rikicin gida. Shaye-shaye ya ratsa dukkan ukun. Binciken da aka gudanar da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Wiwi da sholisho da tiramol duk suna iya tayar da ciwon da ke kwance. Mutanen da ma sun san haka, shi ya sa suka yi wa zaƙami laƙabi da haukata-yaro.

Inda muke a yau

Ra'ayin mutanenmu ya riga ya fara sauyawa. A wani bincike da likitoci daga Kano suka buga a 2004, an tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya. Kimanin kashi 34 cikin 100 suka ce shaye-shaye ne babban dalilin taɓin hankali, kashi 18 suka ce sihiri ko iskoki, sa'an nan kashi 46 suka ce asibiti za su zaɓa. Amma sauyin ra'ayi bai kai ga sauyin aiki ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, kafin ƙarshen Oktoba kuma an buɗe wasu irinsa a Daura da Katsina da nan Zariya. Mafi yawan waɗanda aka samu, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Ba ma ganin mugunta ce ta sa su. Gajiya ce, da tsoro, da rashin sanin inda za a dosa, a ƙasar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta hana azabtar da mai wannan larura ko wulaƙanta shi, ta hana nuna masa bambanci wajen aiki ko muhalli, ta ba shi hakkin a yi shawara da shi a kan maganinsa, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Tun 1991 ma manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, ma'ana ɗakin shan magani na gunduma shi ne ƙofar farko, daga nan a ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, ko Shika, ko Barnawa.

Idan aka kawo wa mai unguwa ko dagaci irin wannan ƙara, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara korar 'yan kallo, domin taron jama'a da ihu na ƙara tunzura mara lafiya. A sa mutum ɗaya ko biyu da yake jin maganarsu su yi masa magana a hankali, a kawar da wuƙa, igiya da maganin feshi daga inda yake. Kada a yi gardama da shi a kan muryoyin da yake ji, kada kuma a yi masa dariya. Wanda ya ambaci kashe kansa a ɗauki maganarsa da gaske, kada a bar shi shi kaɗai ko da na ɗan lokaci ne. In ya zama dole a riƙe shi don kada ya ji wa wani rauni, to riƙon ya zama na kai shi mota ne zuwa asibiti. Babu mai hana addu'a, kuma limamai na da babban aiki wajen kwantar da hankalin iyali. Abin da muke roƙo shi ne a yi addu'ar ana kan hanyar asibiti, kada a jira sai an sayar da akuya da gona an zaga gari uku, domin bincike ya nuna cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wahalar shawo kansa.

Wanda zai raka mara lafiya ya kasance wanda ya san farkon abin, domin likita zai tambayi ranar da aka fara lura, da ko akwai zazzaɓi, haihuwa, faɗuwa ko shaye-shaye, da ko wani a dangi ya taɓa yin irinsa. A tafi da duk magungunan da aka riga aka ba shi, har da na gargajiya. Bayan an dawo gida kuma, nan ne aka fi yin sakaci. Maganin tsananin damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa. Wasu magungunan kan sa sanƙarewar wuya, rawar hannu ko dalalar yawu, sai iyali su tsorata su zubar da su, alhali likita na iya rage ƙarfinsu ko ya ƙara wani da ke warware hakan. Mafi yawan waɗanda ciwon ke dawo musu, daina shan magani suka yi da suka ga sauƙi. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, sai a tambayi likita. Yana da kyau ma'aikacin lafiya na gunduma ya riƙe ranar komawar kowane mara lafiya a littafinsa, idan ranar ta wuce bai gan shi ba ya aika wa mai unguwa.